Babi na Shida: Kunne Kafin Sifana

Babur ba ya tafiya shiru, kuma ba a ƙera shi don ya yi shiru ba. Irin waɗanda suka cika titunanmu, daga Boxer da TVS zuwa Jincheng da Haojue, silinda ɗaya gare su, iska ce ke sanyaya su, babu rigar ruwa irin ta injin mota da za ta haɗiye hayaniyar da ke ciki. Ko yana tsaye a silo, injin yana juyawa wajen sau 1,400 a minti guda, wuta kuma tana tashi a cikinsa sau 700 idan mai bawul ne. Ƙarfe yana gogar ƙarfe, sarƙa tana zagaye, tanki da madigadi suna rawa. Saboda haka ko sabon babur ɗin da aka kwance daga kwali yana da tasa muryar. Wadda ya kamata ta tsayar da kai ita ce baƙuwar ƙara, wadda jiya babu ita yau ga ta, ko wadda da can sai ka kasa kunne kake ji, yanzu kuwa har fasinja yana tambayarka lafiya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke kai irin wannan ƙarar gareji. Mai babur zai faka ya ce, “Oga, injin nan yana ƙara.” Bakanike ya ce, “Tun yaushe?” Ya ce, “Wallahi ban kula ba, ni dai na ji yana yi.” Shi ke nan an gama bincike. Sai a kira yaro ya kawo sifana, kafin la'asar an sauke kan injin an baje shi a kan buhu. A canja ringi, a canja fistin, a ɗaure, a buga kik, ƙarar nan tana nan inda take, domin tun farko noti ne ya kwance a jikin marfin salansa. Mai babur ya yi asarar kuɗin kaya da kuɗin aiki da balas ɗin yini guda, an kuma fitar masa da fistin na asali an sa masa wanda bai kai shi ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Laifin ba na bakanike kaɗai ba ne. Shi minti biyar ya yi da babur ɗin, kai kuwa a kansa kake wuni. Kai ne shaida, kuma idan shaida ya zo ba shi da bayani, dole mai hukunci ya yi ta lalube.

Kafin ka tambayi daga ina ƙara take fitowa, tambayi me take bi. Duk abin da ke motsi a jikin babur, ko dai yana bin gudun inji, ko yana bin gudun taya, ko kuma hanya ce ke motsa shi. Raba su ba ya buƙatar kayan aiki ko ɗaya. Ka samu hanya mai kyau wadda babu cunkoso, ka ɗan ɗauki gudu, sai ka matse kuloci ka saki totur. Injin zai koma silo, tayoyi kuwa suna ci gaba da juyawa. Idan ƙarar ta faɗi tare da injin, to can wajensa take. Idan ta ci gaba, tana raguwa a hankali yadda babur ɗin ke rage gudu, to ka bar inji ya huta, ka nemi sarƙa da boris da birki da wayar mita. Idan kuwa a kan kwalta mai santsi ba ka jin komai, sai ka shiga gargada ko ka faɗa rami, to abu ne ya saki a jikin gangar: shokzoba, ko wuyan babur, ko kariya. Wannan ɗan gwajin shi kaɗai yana raba mutum da kashi biyu cikin uku na wuraren da zai yi ta zargi a banza.

Sai kuma lokaci. Da sanyin safiya take yi, ta ɓace idan injin ya ɗumama, ko kuwa sai ya yi zafi take fitowa? Idan ka murɗa totur take yi, ko idan ka saki? Da lodi ko kai kaɗai? Me aka taɓa a jikin babur ɗin kafin ta fara? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, don sau da yawa sabuwar ƙara ɗiyar gyaran jiya ce. In ka iya, ɗauki ƙarar da wayarka a daidai lokacin da take yi, domin akwai wadda da an isa gareji sai ta ɗauke. Amma ka sani waya tana ƙara wa siririyar ƙara ƙarfi, tana danne mai kauri, don haka hoton murya taimako ne kawai, kunne a wurin ya fi shi.

Mu fara da na waje, waɗanda suka fi yawa kuma suka fi araha. Injin silinda ɗaya yana girgiza, kuma kowane ƙarfe ko roba da ke ɗaure a jikin babur yana da wani gudu da idan girgizar ta kai nan sai ya amsa. Shi ya sa za ka ji wata zizar tana fitowa a daidai wani gudu, in ka ƙara wuta ta ɓace, in ka rage ma ta ɓace. Ciwon cikin inji ba ya yin haka. Shi yawanci yana ƙaruwa ne da ƙaruwar gudu ko nauyi. Idan ka ji irin wannan, ɗora babur a kan jak, ka sa wani ya riƙe totur a daidai inda take yi, kai kuma ka bi kana dafa abubuwa ɗaya bayan ɗaya: lamba, madigadi, gidan fitila, marfin gefe, marfin sarƙa, madubi, kariya, ƙarfen taka ƙafa, murfin tanki. Inda ka dafa ta yi shiru, nan ne. Wajen salansa ka sa tsumma mai kauri ko icce, kada ka kai hannu. Robobin da tanki ke zaune a kansu sukan cinye, tanki ya riƙa bugun ƙarfe. Jak kansa, idan sifirin ɗinsa ya saki, yana kaɗawa a ƙarƙashi kamar wani babban abu ya karye. Akwai kuma ƙusoshin da suka riƙe injin a jikin gangar. In ɗaya ya kwance, girgiza za ta ƙaru har hannunka ya riƙa mutuwa, ka rantse karanshaf ne ya tafi.

Salansa tana da wata yaudara tata. A inda ta haɗu da kan inji akwai ɗan zoben gasket. Idan ya ƙone ko notinsa ya saki, hayaƙi yana tsartuwa ta wurin da ƙarfi, yana ba da tas-tas-tas mai kama da ta bawul sak. Alamarsa ita ce baƙin toka a bakin mahaɗar, kuma idan ka kawo tafin hannu kusa da wurin da zarar an tayar da injin, tun bai yi zafi ba, za ka ji iska tana bugunka. Yakan zo da harbi ta salansa idan an saki totur a gangara. Gasket ɗin nan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma an sha kwance kan inji a dalilinsa.

Idan an gama da waje ƙarar tana nan, abu na farko shi ne baƙin mai. Na sa shi a gaba da gangan. Waɗannan injuna, masu bawul a cikinsu, lita ɗaya ko kusa da haka suke ɗauka, kuma wannan ɗan man shi ke yi wa fistin da karanshaf da giya da kuloci hidima gaba ɗaya, ya kuma taimaka wajen kwashe zafi. Kan inji shi ne ya fi nisa da famfon mai, shi yake fara jin yunwa. Don haka idan ƙara ta tashi daga sama farat ɗaya, ka kashe, ka tsayar da babur a miƙe a wuri mai daidai, ka jira 'yan mintoci, ka duba sandar awo. In man ya yi ƙasa, ka samu dalili. In kuma za a juye, kada ka bari a zubar da shi a ƙasa kamar yadda aka saba. A tara shi a kwano mai tsabta, ka kai shi rana ka karkata. Idan ka ga yana ƙyalli da ɗan garin ƙarfe, ko ka ga ɓarɓashi a ragar tace mai, wani abu yana cin kansa a ciki. Ka sa maganaɗisu: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, daga boris ko giya ko sarƙa, abin da ya ƙi kamawa alminiyam ne, daga fistin ko jikin injin.

Yanzu sai sauraro. A shekarar 1816 wani likita a Faransa mai suna René Laennec ya naɗe takarda ya kafa a ƙirjin marar lafiya, ya ji bugun zuciya fiye da yadda kunne tsirara ke ji, daga nan aka samu abin sauraron da likitoci ke ratayawa a wuya. Tsofaffin makanikai suna yin irin wannan da doguwar sukudireba. Ka lura da wanda ya ƙware idan yana yi. Zai rage silo kaɗan, ya tsuguna a gefen babur, ya kafa bakin sukudireba a kan marfin bawul, ya ɗora mariƙinta a ƙashin da ke gaban kunnensa, ya lumshe ido. Ya ɗauke, ya mayar a jikin silinda tsakanin haƙarƙarin da ke sanyaya ta. Ya sauko gefen magineto, ya zagaya gefen kuloci. Ba ya magana, sai dai ya ɗaga wa yaronsa yatsa ya ƙara wuta, ya sauke yatsa ya rage. Abin da yake nema shi ne wurin da ƙarar ta fi kaifi, domin ƙarfe yana kai sauti ko'ina, abin da ke bugawa a ƙasa sai ka ji shi kamar a sama yake. Kai ma za ka iya koya, kuma lokacin koyo shi ne yanzu da babur ɗinka yake lafiya. Wanda bai san muryar lafiya ba ba zai gane ta ciwo ba. Ka dai kiyaye hannun riga da bakin rawani daga sarƙa, kada kuma ka taɓa wayar fulogi.

Kafin ka fassara abin da ka ji, sai ka san irin injin da kake hawa, don ba duka ne suke da kayan ciki iri ɗaya ba. Jincheng AX100, wanda samfurin Suzuki ne, mai mataki biyu ne, irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur yana hayaƙi. Ba shi da bawul, ba shi da sarƙar taimin. Duk wanda ya ce zai saita maka bawul a cikinsa, ɗauki babur ɗinka ka yi gaba. Ƙararsa ta ciwo yawanci daga ringi ne, ko ɗan boris ɗin da ke saman konrod, ko ƙarancin man da yake sha. Boxer da dangoginsa masu mataki huɗu ne, kam ɗinsu yana sama, sarƙa ce ke juya shi daga karanshaf. Sai kuma dangin CG. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a shekarar 1975 bayan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa mutane ba sa canja baƙin mai a kan lokaci, kam ɗin da ke sama yana lalacewa. Sai ya mayar da kam ɗin ƙasa kusa da mai, giya na juya shi, sanduna biyu suna tura bawul daga can. Kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi wannan injin, shi ya sa ya bazu a kasuwanninmu da sunaye iri-iri. Shi ba shi da sarƙar taimin, kuma bisa ƙirarsa ya fi surutu a sama, da ɗan kukan giya a ƙasa. Wannan halinsa ne, ba a gyara shi.

Ƙarar bawul ita ce aka fi ji, ita ce kuma aka fi cutar da inji a kanta. Siririya ce, cak-cak-cak, a jere ba ta tsallake, kamar keken ɗinki a hannun tela, daga can saman inji. Tana tafiya da rabin gudun injin, domin sai karanshaf ya juya sau biyu kam yake juyawa sau ɗaya. Dalilinta shi ne ɗan ratar da ake bari tsakanin bawul da abin da ke danna shi. Da gangan ake barin wannan rata, saboda ƙarfe yana miƙewa idan ya ji wuta. A ƙananan injuna dangin Honda Cub ratar milimita 0.05 ce, a CG125 kuwa 0.08, kuma ana auna ta ne injin yana da sanyi, an juya magineto alamar T ta zo daidai, fistin yana can ƙoli bawul biyu duk a rufe. Ka duba littafin naka babur don sanin nasa adadin. Don ka gane ƙanƙantar abin, takardar rubutu ta yau da kullum kaurinta wajen milimita 0.1 ne, wato ninki biyu na ratar farko. Reza ma kusan haka take, ga shi kuwa da ita wasu ke aunawa, wasu ma da yatsa kawai suke girgizawa su ce ya yi. Akwai ma'auni na musamman, siraran ƙarafa a jere kowanne da lambarsa, kuma ba shi da tsada. Idan an saita daidai, ƙarfen yana shiga ratar da ɗan ja kaɗan, ba ya sulɓewa, ba ya kuma maƙalewa. Bakaniken da ke da wannan ma'aunin a aljihu, ka riƙe shi.

Ga inda cutar take. Mai babur ba ya son jin cak-cak, sai ya ce a kashe masa ita. Bakanike ya ɗaure har ratar ta rufe, injin ya yi tsit, kowa ya ji daɗi. To amma da injin ya yi zafi bawul ya miƙe, ba zai ƙara zama daram a mazauninsa ba. Bawul ɗin hayaƙi kuwa ta wannan zaman ne yake sauke mafi yawan zafinsa. Sai wuta ta riƙa bi ta gefensa tana cin bakinsa. Da farko za ka ga babur yana wuyar tashi, yana mutuwa a silo idan ya yi zafi, ƙarfinsa yana raguwa a hawa. Daga baya bawul ya ƙone, sai an sauke kai. Garin gyaran gira an rasa ido. Bawul mai ɗan surutu ba ya kashe inji. Wanda aka ɗaure har ya yi shiru shi ke kashewa. Ina roƙon mai karatu ya bar wa injinsa wannan 'yar ƙarar, muddin ma'auni ya ce daidai take.

Sarƙar taimin tata daban ce. Ba ta da tsari irin na bawul, wani caccaka ne kamar ana jan ƙaramar sarƙa a kan kwano, daga gefen silinda inda take bi. Ta fi fitowa a silo da lokacin da aka saki totur. Ko dai sarƙar ta miƙe, ko abin da ke tamke ta ya gaji, ko robar da take bi a kai ta cinye. Wannan ba ta gaggawar minti ɗaya ba ce, amma ba a kwana da ita wata guda. Sarƙar da ta saki tana zaizayar jikin injin tana zuba gari a cikin mai, kuma ranar da ta tsallake haƙori, fistin zai iya haɗuwa da bawul ya lanƙwasa shi.

A tsakiyar inji akwai ƙarar fistin, ƙwal-ƙwal mai ɗan rami, wadda ta fi ƙarfi da safe ta kuma lafa idan an yi tafiya kaɗan. Fistin alminiyam ne, hannun silinda baƙin ƙarfe, alminiyam kuwa yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, shi ya sa ratar ke rufewa idan ya ɗumama. In tana ɓacewa, babur bai fara hayaƙi ko shan mai ba, za a iya lallaɓawa. In ta daina ɓacewa, ga shuɗin hayaƙi, to silinda ta buɗe, sai a kai a rarake ta a sa fistin na gaba. Ana samunsu a matakin 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00. Sa sabon ringi a tsohuwar silinda da ta riga ta zama ƙwai ɓarnar kuɗi ce. Kuma a ƙasarmu babban mai cin silinda ƙura ce. Duk wanda ya cire soson tace iska, ko ya bar shi a yage a lokacin hunturu, yashi yake ba injinsa.

Akwai wata ƙarar da ba ta lalacewar ƙarfe ba ce, ta yadda wuta ke ci ce. Za ka ji ta idan ka ɗauko buhuna ko mutum biyu, rana ta take, kana hawa tudu a babbar giya, ka murɗa totur: wani ƙir-ƙir-ƙir mai kaifi daga kan silinda, da ka sassauta hannu ya ɗauke. A ƙa'ida fulogi ke kunna wuta ta bazu a hankali ta tura fistin. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar fetur ɗin da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, ya daki kan fistin. Maganin gaggawa shi ne ka sauko giya, ka bar injin ya juya da sauƙi. Amma ka nemi dalili. Yana iya zama mai marar kyau, wanda aka gauraya ko ya daɗe a jarka yana shan rana, kuma ba a wajen 'yan bumburutu kaɗai ake gamuwa da shi ba; a watan Fabrairun 2022 hukumomi da kansu sun tabbatar an shigo Najeriya da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, ya kuma isa gidajen mai. Yana iya zama dattin gawayi da ya taru a kan fistin, ko laka da ta toshe haƙarƙarin silinda, ko fulogin da ba nasa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, da yawa sun koma suna sa a matse musu kafireta don babur ya rage sha. Na fahimci dalilinsu, kuɗin mai ya kai inda ya kai. Sai dai injin da aka ƙuntata wa fetur zafi yake yi fiye da ƙima, bakin fulogi ya yi fari fat, ya riƙa harbi, ya riƙa wannan ƙir-ƙir ɗin, ƙarshe ya fasa mazaunin ringi ko ya huda fistin. Abin da aka tara a mai sai ya tafi a kayan gyara.

Can ƙasa kuma ake jin wadda kowa ke tsoro, bugu mai nauyi, ƙwam-ƙwam, wanda kake ji har a tafin ƙafarka. Yana ƙaruwa da lodi, zafi kuma ba ya rage shi. Wannan boris ɗin gindin konrod ne. Idan kuwa gurnani ne mai ci gaba ba yankewa, to manyan boris ɗin da karanshaf ke kwance a kansu ne, kuma ana gane su idan aka cire marfi aka kama magineto aka girgiza sama da ƙasa. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Amma ko a nan kada a yi saurin raba inji biyu. Notin magineto idan ya saki yana yin bugu iri ɗaya da na konrod, gyaransa kuwa ɗauri ne, ko canja ɗan makullin da ke riƙe shi. Haka kuma ƙarar da ke gefen dama wadda ke ɗaukewa da zarar ka matse kuloci, ta kwandon kuloci ce, kuma silo da ya yi ƙasa da yawa yana ƙara fito da ita. A duba waɗannan tukuna. In an tabbatar konrod ne, to ka kashe injin a inda kake, ka tura ko ka sa a ɗauko. Kowane kilomita da ka ƙara, garin ƙarfe yana bin mai yana shiga ko'ina, gyaran da zai tsaya a kan abu ɗaya ya koma sayen rabin inji.

Masu sayen na hannu su kula da wannan sosai. Mai sayarwa yana iya zuba baƙin mai mai kauri fiye da ƙima don ya danne bugu, ya kuma tayar da injin ya ɗumama kafin ka iso don ƙarar fistin ta ɓuya. Kafin a buga kik, kai bayan hannunka kusa da silinda. In da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe da sassafe, ka ji shi da sanyinsa. Babur ɗin da aka fasa wa salansa yana ruri kuma ba a jin komai a cikinsa, ka sa a toshe bakin da tsumma na ɗan lokaci ka saurara.

Na bar na ƙafafu a ƙarshe, alhali su ne suka fi kusa da rai. Sarƙar baya idan ta saki tana dukan marfinta, faf-faf, musamman a gargada. Idan aka ɗaure ta tamau kuma sai ta riƙa kuka tana cin boris ɗin giya. Yawanci ana barin wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta, kuma a juya taya a auna a inda ta fi tsauri, don sarƙa ba ta miƙewa daidai ko'ina. In haƙoran faifanta sun lanƙwashe sun yi tsini, a canja sarƙa da faifai biyu tare. Ƙwas ɗin da kake ji a baya duk lokacin da ka ba da wuta ko ka saki, robobin cikin gammon taya ne suka cinye. Wayoyin ƙafa kuwa, ka bi su da sifana kana ɗan bugawa: mai lafiya tana amsawa da zaƙi, wadda ta saki sai ka ji ta dum. Birki mai ƙugi yana iya zama ƙura ce kawai, amma in ya koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, takalmin ya ƙare.

Biyu ne a cikinsu ba na son kowa ya yi wa jinkiri. Ka matse birkin gaba ka tura babur gaba da baya. Idan ka ji ƙwal a wuya, boris ɗin kan babur ya saki, kuma shi ke sa kai ya riƙa rawa a gudu. Sannan ka ɗaga kowace taya ka juya ta, ka kama ta ka girgiza gefe da gefe; in ka ji gurza ko ka ga tana wasa, boris ɗin ƙafa ya mutu, yana kuma iya cijewa ana cikin tafiya. Inji idan ya buga, yawanci a gefen hanya zai ajiye ka, aljihunka ne zai ji. Taya idan ta cije, a tsakiyar titi za ta zubar da kai da wanda ka goya. In ka samu ɗaya daga cikin biyun nan, don Allah kada ka ɗauki kowa a kan babur ɗin, kai ma kada ka hau, sai an canja boris ɗin.